Daga Montgomery Zuwa Selma, a Sawun Talakawa

Daga Atlanta zuwa Montgomery tafiyar awa biyu da rabi ce a mota, kuma da ka bar jihar Jojiya ka shiga Alabama sai agogon waya ya ja baya da awa guda. Ƙanena da ke aiki a Atlanta shi ya ja motar, ba da son ransa ba. Cewa ya yi, "Yaya, mutane na zuwa Amurka su ga New York, ke kuma Alabama? Me aka ajiye miki a can?" Na ce masa akwai wani likita da nake son ganin inda ya yi aiki. Na daɗe ina aikin jinya a sashen mata masu yoyon fitsari, kuma akwai wani ƙarfe da ba a shiga ɗakin tiyata sai da shi, mai lanƙwasa a kai biyu, wanda ake buɗe gaban mace da shi don a ga inda mafitsara ta huje. Sunan likitan da ya ƙirƙiro shi muke kiransa da shi, Sims. A Montgomery ya ƙirƙiro shi.

Garin ƙarami ne, shiru, ga zafi mai danshi da ke manna wa mutum riga a jiki. Mun ajiye mota kusa da kogin Alabama muka hau titin Commerce da ƙafa. Ta wannan titin ake koro bayi daga bakin kogi da tashar jirgin ƙasa, a zuba su a rumbuna, ranar ciniki a fito da su dandalin Court Square, inda yanzu akwai wani kyakkyawan famfo mai feshin ruwa. Amurka ta hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, kuma littattafan makaranta kan tsaya a nan kamar an gama magana. Ciniki kuwa cikin gida ya koma. Kusan mutum miliyan ɗaya aka sayar daga jihohi irin su Bajiniya da Maryland zuwa gandayen auduga na can kudu, uwa ta yi gabas ɗa ya yi yamma. A ƙidayar 1860 bayi sun haura 435,000 a Alabama kaɗai, kusan rabin mutanen jihar. Ita kanta ƙasar da aka noma audugar ta mutanen Creek ce, 'yan asalin yankin kafin zuwan Turawa. Andrew Jackson ya murƙushe su a Horseshoe Bend a 1814, ya karɓe fiye da eka miliyan 20, ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar kwashe su a 1830. Hotonsa ne a takardar dala 20 da na biya kuɗin ruwan sha da ita a titin.

Ba na faɗin wannan da ɗaga kai. Mu ma muna da rinji da gandu a tarihinmu, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wanda ya je Alabama don ya ji daɗin laifin wasu, bai karanta tarihin garinsu ba.

Daga dandalin, titin Dexter ya miƙe sama har ginin majalisar jiha, fari fat a kan tudu. A saman matakalarsa akwai tauraron tagulla a ƙasa, daidai inda Jefferson Davis ya tsaya aka rantsar da shi shugaban jihohin da suka ɓalle don kare bauta, a watan Fabrairun 1861. A wurin ne kuma gwamna George Wallace ya yi rantsuwa a 1963, ya ce wariyar launin fata yau, wariya gobe, wariya har abada. Ƙasa kaɗan ga cocin da Martin Luther King ya yi limanci. Jihar ta raba gardama ta hanyar da ta ba ni dariya da takaici lokaci guda: ranar Litinin ta uku a watan Janairu hutu ce ta tunawa da King da kuma Robert E. Lee, janar ɗin rundunar masu kare bauta, su biyu rana ɗaya.

A harabar majalisar na same shi. Mutum-mutumin James Marion Sims, tsaye cikin shiga ta alfarma, an rubuta cewa shi ne uban ilimin cututtukan mata na zamani. Na tsaya a gabansa na daɗe, har ƙanena ya nemi inuwa.

Tsakanin 1845 da 1849 Sims ya tara mata bayi masu yoyon fitsari a wani ɗan asibiti da ya gina a bayan gidansa, ya yi ta gwada ɗinki a jikinsu. Sunan uku kawai ya rubuta: Anarcha, Lucy da Betsey. Anarcha 'yar shekara 17 ce, ta yi kwana uku tana naƙuda, ta fito da yoyon fitsari da na bayan gida. Lucy aka fara yi wa aiki, tana durƙushe a kan gwiwa da gwiwar hannu, tsirara a gaban likitoci wajen goma sha biyu, aka shafe kusan awa guda, babu maganin sa barci, babu na kashe zafi. Shi da kansa ya rubuta cewa azabarta ta kai matuƙa, kuma ta kusa mutuwa saboda wani soso da ya bari a jikinta ya ruɓe. Da aiki ya yi ta ƙin ci, likitocin da ke taya shi suka gaji suka daina zuwa, sai matan suka koma su ke riƙe junansu, su ke miƙa masa kayan aiki. Anarcha sau kusan talatin aka yanka ta kafin ɗinki ya kama, da ya koma amfani da zaren azurfa. Daga nan ya tafi New York, ya buɗe asibitin mata a 1855, ya yi suna har a fadojin Turai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ni na fi yawancinsu sanin nauyinta. Suna cewa sai a 1846 aka fara nuna maganin sa barci a Boston, bai yaɗu ba tukuna, kuma matan da kansu suna son a yi musu aikin. Na yarda suna so. Na ga yarinyar da mijinta ya sake ta, aka ware mata kwano da tabarma a bayan ɗaki saboda zarni, ta sayar da akuyarta ta hau mota ta zo asibiti, wadda da za a ce mata sai an yanka ta ba allura za ta warke, wallahi za ta kwanta. Amma wannan yarinyar, duk talaucinta, tana iya naɗe zaninta ta tafi in ta gaji. Anarcha ba ta da wannan. Da iyayengijinsu Sims ya yi yarjejeniya, su suka ba da izini, domin baiwar da ke yoyo ba ta aiki ba ta haihuwa, dukiya ce da ta lalace ake son gyarawa. Abin da rubutun da ke jikin dutsen ya tsallake ke nan. Kuma fasahar ta yi amfani, ba na musu. Dubban matan da aka ɗinke a Babbar Ruga ta Katsina da Kano da sauran wurare sun ci gajiyarta. Sai dai duk shekarun da na yi ina miƙa wannan ƙarfe, ban taɓa jin an ambaci sunan ko ɗaya daga cikin matan a aji ko a ɗakin tiyata ba.

New York ta cire nata mutum-mutumin Sims daga bakin Central Park a 2018. Na Montgomery yana nan. Abin da ya canza shi ne wata mai fasaha 'yar garin, Michelle Browder, ta haɗa tarkacen ƙarafa ta ƙera siffofin matan uku, aka buɗe wurin a 2021, ba nisa da tsakiyar gari. Ta Anarcha ta kai ƙafa 15, da rami a cikinta inda mahaifa take. Ba gwamnati ce ta gina shi ba.

Labarin ƙaurace wa motocin bas da baƙar fatar Montgomery suka yi kuwa, yadda aka saba ba da shi gajere ne: wata mata ta gaji ta ƙi tashi daga kujera, wani matashin limami ya yi jawabi, wariya ta faɗi. Idan ka bi allunan tarihin da ke warwatse a unguwannin garin sai ka ga taron mutanen da aka share daga hoton. Rosa Parks ba gajiyar ƙafa ce ta zaunar da ita ranar 1 ga Disamban 1955 ba. Tela ce a wani babban kanti, amma tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, kuma ita aka tura a 1944 ta binciki fyaɗen da wasu fararen fata suka yi wa Recy Taylor a Abbeville, wanda ba a hukunta kowa a kansa ba. Wata tara kafin a kama ta, 'yan sanda sun finciko wata ɗaliba 'yar shekara 15, Claudette Colvin, daga cikin bas a kan laifi iri ɗaya. Shugabannin baƙar fata suka ga ba ta dace a ɗora gwagwarmaya a kanta ba: yarinya ce, daga unguwar talakawa, daga baya kuma ta yi ciki. To amma ƙarar da ta karya dokar a kotu ba ta Rosa Parks ba ce. Ƙarar mata huɗu ce da lauya Fred Gray ya shigar: Aurelia Browder, Susie McDonald, Mary Louise Smith da ita Colvin ɗin. Colvin ta koma New York ta yi shekara 35 tana aikin taimakon masu jinya, kuma sai a 2021, tana da shekara 82, wani alƙali ya goge laifin daga takardunta.

A daren da aka kama Parks, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ta kwana a kan injin kwafe takardu ita da ɗalibai biyu da wani abokin aikinta, suka buga takardar kira wajen 35,000, gari na wayewa aka raba. E. D. Nixon, ma'aikacin jirgin ƙasa mai hidimar fasinjoji, shi ya yi belin Parks, shi ya bi limamai ɗaya bayan ɗaya da waya. King yana da shekara 26 a lokacin, sabon zuwa garin.

Sannan aka yi kwana 381 ba a hawa bas. Kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin baƙar fata ne, akasarinsu mata masu aikatau a gidajen fararen fata, masu wanki da girki da raino. Su ne suka taka da ƙafa, cikin sanyi da ruwa, su isa gidan aiki su wuni a tsaye su sake takowa. Direbobin tasi baƙar fata suka rage kuɗi zuwa santi 10 daidai da na bas, hukuma ta ce duk wanda ya karɓi ƙasa da santi 45 za a kama shi. Sai aka haɗa motocin mutane kusan 300 ana jigila kyauta. Mai da taya kuma kuɗi suke ci. Nan wata kuku mai 'ya'ya shida, Georgia Gilmore, ta tara mata suna soya kaji, suna gasa kek, suna sayarwa a coci da shagunan gyaran gashi, duk mako ta kai kuɗin taro. In an tambayi daga ina kuɗin suka fito sai a ce daga babu ko'ina, domin da an san sunayen matan da an kore su daga aiki. Ita an kore ta, bayan ta ba da shaida a kotu a 1956. Ta mayar da gidanta wurin sayar da abinci. Ta rasu a watan Maris na 1990, tana cikin girkin abincin masu bikin cika shekara 25 da tattakin neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery. Rosa Parks ma ta rasa aikinta, mijinta ya rasa nasa, suka bar garin a 1957 suka koma Detroit cikin bashi da rashin lafiya.

Da yamma muka hau tudun da ƙungiyar lauya Bryan Stevenson ta gina wurin tunawa da waɗanda taron fararen fata suka kashe ba shari'a. An buɗe shi a 2018. A bakin shiga akwai siffofin bayi cikin sarƙa, aikin Kwame Akoto-Bamfo ɗan Gana. Ciki kuma ginshiƙan ƙarfe ne masu launin tsatsa fiye da 800, kowace gunduma da nata, an zana sunaye da ranaku. Da farko suna daidai da tsayinka, kana tafiya ƙasa tana gangarawa, har ka ga suna rataye a saman kanka. Kisa fiye da 4,400 suka tattara tsakanin 1877 da 1950. A bango an rubuta dalilan wasu. Mary Turner, a Jojiya a 1918, da tsohon ciki, don ta yi ƙorafin kashe mijinta. Elizabeth Lawrence, a Birmingham a 1933, don ta tsawata wa yaran fararen fata da suka jefe ta da duwatsu. Wurare da yawa babu suna, an dai rubuta cewa ba a san ko wane ne ba. Ƙanena da ke ta mita tun safe bai ƙara cewa komai ba sai da muka zo neman inda za mu yi sallar magariba.

Washegari muka kama babbar hanya mai lamba 80 zuwa Selma, mil 54. Gadar da kowa ya sani a hoto ba ta da girma, kuma tana da doro, wanda ke hawa ba ya ganin abin da ke jiransa a gangare. Haka mutum kusan 600 suka hau ta ranar 7 ga Maris 1965 suka tarar da 'yan sanda da kulake da dawakai da barkonon tsohuwa. Har yau sunan Edmund Pettus ke rubuce a samanta, janar ɗin rundunar masu kare bauta kuma jigo a Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci a kan baƙar fata.

Abin da ya fito da su ya faro ne tun 1901, da aka rubuta wa Alabama tsarin mulki da gangan don a hana baƙar fata zaɓe. Aka sa harajin dala ɗaya da rabi a shekara wanda ke taruwa in ba ka biya ba, da jarrabawar karatu da magatakarda ke yanke wanda ya ci. Daga mutum wajen 180,000, masu rajista baƙar fata suka koma ƙasa da 3,000 cikin shekara biyu, kuma dokar ta kwashe talakawan fararen fata masu ɗimbin yawa tare da su. A gundumar Dallas, inda Selma take, baƙar fata kusan 15,000 ne suka isa zaɓe a farkon 1965, masu rajista ba su wuce 300 da 'yan kai ba. Kwana biyu kacal a wata ake buɗe ofishin rajista. Annie Lee Cooper ta shiga layi a 1963, aka kore ta daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Ta sake shiga a Janairun 1965, shugaban 'yan sandan gunduma Jim Clark ya zungure ta da kulki a wuya, ta juyo ta kai masa naushi. Tana da shekara 54. Allah ya ja kwananta har ta cika ɗari.

Tattakin ma mutuwar wani talaka ce ta jawo shi. Jimmie Lee Jackson, ɗan shekara 26, mai saran itace, ɗan sanda ya harbe shi a ciki a garin Marion ranar 18 ga Fabrairu yana kare mahaifiyarsa da kakansa mai shekara 82 daga duka. Ya cika bayan kwana takwas. Fadar shugaban ƙasa ba ta motsa ba. Da aka kashe James Reeb, limamin coci farar fata da ya zo daga Boston, a watan Maris, shugaba Johnson ya kira matarsa ya yi mata ta'aziyya, ya aika jirgi ya mayar da ita gida. Reeb mutumin kirki ne da ya ba da ransa, ba shi da laifin wannan bambanci. Wanda ya harbi Jackson sai a 2010 ya amsa laifi, aka yanke masa wata shida.

Selma ta yau ta ba ni tausayi. Shaguna a rufe a babban titi, gidaje da leda shuɗiya a kan rufi tun guguwar Janairun 2023. Mutanen garin sun ragu daga 28,000 a 1960 zuwa kusan 18,000. Wata dattijuwa mai sayar da riguna da littattafai a gindin gada ta tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, ta riƙe hannuna tana kirana 'yar'uwa. Ta ce duk watan Maris manyan 'yan siyasa na zuwa su haɗa hannu su tsallaka gada a ɗauke su hoto, kafin la'asar sun koma filin jirgi, ko kwana ba sa yi a garin. Dokar zaɓen da aka samu a Agustan 1965 ma, kotun ƙoli ta cire mata haƙora a 2013, a ƙarar da wata gunduma ta Alabama, Shelby, ta shigar.

A hanyar komawa muka tsaya a gundumar Lowndes, wadda mafi tsawon tattakin, da daga baya aka yi shi daga Selma har Montgomery, ya ratsa ta cikinta. Masu tattakin sun kwana a gonakin baƙar fata, David Hall a gundumar Dallas, Rosie Steele da Robert Gardner a nan Lowndes, mutanen da suka san cewa baƙi za su wuce su bar su da maƙwabtansu. Kashi 80 cikin ɗari na mutanen gundumar baƙar fata ne, kuma a farkon 1965 ko mutum ɗaya cikinsu ba shi da rajista. Da suka fara yi, masu gonaki suka kore su daga gidajen da suke zaune suna noma a raba amfani. Suka kafa tantuna a bakin hanya, suka yi kusan shekara biyu a ciki, ana harbinsu da dare. A wurin aka gina ɗan gidan tarihin da muka shiga, mu kaɗai ne baƙi. Waɗannan manoma suka kafa jam'iyyarsu, kuma da yake doka ta ce kowace jam'iyya ta sa alama a takardar ƙuri'a saboda marasa karatu, suka zaɓi baƙar damisa, kishiyar farin zakaran jam'iyyar Dimokurat ta jihar. Daga wurinsu matasan Oakland suka ari alamar a 1966, duniya ta san jam'iyyarsu ta Black Panther, wato baƙar damisa, ta manta da Lowndes. Manoman Lowndes sun faɗi zaɓen 1966. A 1970 ɗaya daga cikinsu, John Hulett, ya zama shugaban 'yan sandan gundumar.

Muka sauka daga kwalta muka bi wata ƙaramar hanya, nan na ga abin da idon ma'aikaciyar jinya ba ya kuskurewa: farin bututu ya fito daga ƙarƙashin gida ya ƙare a fili, ga baƙin ruwa kwance a bayan gida, ga keken yara a gefe. Na ce ƙanena ya rage gudu. Ya ce, "Yaya, ba a leƙa gidan mutane a nan, ana harbi." Baƙar ƙasar yankin, wadda ta yi wa auduga daɗi har aka cika ta da bayi, yumɓu ce da ba ta shan ruwa, sokawe na yau da kullum ba ya aiki a cikinta, irin wanda ke aiki kuma kuɗinsa dubban daloli ne. Dokar jiha ta mayar da rashinsa laifi, an ci tarar mutane, an kama wasu. Wata 'yar gundumar, Catherine Coleman Flowers, ta yi shekaru tana jawo masu bincike su zo su gani. A wani ɗan gwaji da aka wallafa a 2017, fiye da ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba an ga alamar tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, cutar da ake zaton Amurka ta rabu da ita tuntuni. A 2023 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta cimma yarjejeniya da hukumar lafiya ta Alabama cewa a daina cin tarar mutanen Lowndes a kan sokawe, a nemo musu mafita. Ina gida Katsina ƙanena ya turo mini labari a waya, a watan Afrilun 2025, cewa gwamnatin Trump ta soke yarjejeniyar.